Gwani ɗaya ko madaidaita uku? Shawarwari kan haɗa ƙungiyar ƙwallon kwando

Mataimakin koci (Tudun Wada):
Assalamu alaikum, iyayena da yayyena na wannan zaure. Wani bawan Allah ɗan kasuwa ya ɗauki nauyin ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando, da nufin nan da kaka biyu mu nemi gurbi a babbar gasar ƙasa, kuma an ɗora mini alhakin kawo sunayen 'yan wasa 12 da za a ba kwantiragi. Muna da yara 8 da muka rena a nan Zariya, saura gurbi 4. Kuɗin da aka ware zai isa ko dai mu ɗauko gogaggen ɗan wasa guda mai suna daga Legas ko Fatakwal mu cike sauran da matasa masu araha, ko kuma mu ɗauki mutum uku madaidaita waɗanda ba a san su sosai ba amma kowanne ya iya aikinsa. Abin da ya fi damuna shi ne wasannin fitar da gwani, domin yaranmu sukan taka rawar gani a wasannin rukuni, amma da zarar an zo inda wanda ya faɗi zai koma gida sai hannu ya fara rawa. Ina neman shawararku, kuma idan akwai wasannin NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, da ya kamata in zauna in sake kallo da idon basira, don Allah a nuna mini su.

Alhaji mai shago (Sabon Gari):
Wa alaikumus salam, ƙanena. Ni ban ga abin dogon tunani a nan ba: ka ɗauko gwanin, sauran su taru a bayansa. Idan wasa ya rage minti 2 kuma maki ya yi kunnen doki, tsarin da koci ya zana a allo yakan watse, domin abokan karawa sun riga sun haddace shi, abin da ke saura kawai shi ne mutum ɗaya da za a miƙa wa ƙwallo ya nemo maki da ƙarfin kansa. Madaidaita uku ba za su yi maka wannan aikin ba, kowanne zai riƙa tura wa ɗan'uwansa ƙwallo har daƙiƙa 24 da ake ba ƙungiya ta yi jifa su cika. Ka nemi wasa na 7, wato na raba gardama a zagayen fitar da gwani, tsakanin Toronto da Philadelphia na 2019 ka kalla. An yi 90 da 90, saura 'yan daƙiƙu, kowa a filin ya san Kawhi Leonard na Toronto za a ba, amma duk da haka ya ja ƙwallo zuwa kusurwar dama, ya jefa ta saman hannun Joel Embiid, ta yi tsalle sau 4 a bakin kwando kafin ta faɗa. Maki 41 ya ci a daren, cikin 92 na ƙungiyarsa. Sannan ka tuna da mai kuɗin da ya ɗauki nauyinku: yana son ya ga fili ya cika, jama'a kuwa suna suke bi.

Dattijo, tsohon ɗan wasa (Samaru):
Alhaji ya kawo misali mai kyau, sai dai ya fara labarin daga ƙarshe. Wanda ya haɗa waccan ƙungiya ta Toronto ɗan garin nan ne, Masai Ujiri, wanda aka haifa a Ingila a 1970 amma a Zariya ya tashi, a nan ya fara riƙe ƙwallon kwando, kuma ya sha ambaton Oliver Johnson, kocin nan Ba'amurke da ya shafe shekaru masu yawa yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Don haka idan za mu ɗauki darasi daga Toronto, ya kamata mu bi aikin ɗanmu daki-daki.

Ya karɓi ragamar ƙungiyar a 2013, kuma sai da ya shekara 5 kafin ya taɓa maganar Kawhi. A cikin waɗannan shekaru ya zaɓi Pascal Siakam ɗan Kamaru a lamba ta 27 a zaɓen sabbin 'yan wasa na 2016, lokacin da yawancin masu sharhi ba su san sunansa ba. A shekarar ce kuma ya ɗauki Fred VanVleet, wanda aka kira sunaye 60 babu nasa. A 2017 ya kawo Serge Ibaka daga Orlando, ya kuma zaɓi OG Anunoby, wanda iyayensa 'yan Najeriya ne, a lamba ta 23. Kyle Lowry yana nan tun kafin zuwansa, bai sayar da shi ba. Ana tsakiyar kakar da suka ci kofi, a Fabrairun 2019, ya ƙara da Marc Gasol daga Memphis, dogo mai hankali wanda shi ne ya hana Embiid sakat a yawancin wasannin nan da Alhaji yake magana. Duk cikin 'yan wasan da suka ɗaga kofin babu ko ɗaya da aka zaɓa cikin 14 na farko a shekararsa, shi kansa Kawhi lamba ta 15 ne a 2011.

Sai da wannan tushe ya kafu sannan ya yi kasada. A kakar 2017 zuwa 2018 Toronto ta ci wasa 59 cikin 82, amma Cleveland ta LeBron James ta lallasa ta 4 da nema, kuma shekara ta uku ke nan a jere ƙungiyar LeBron na kore su. Ujiri ya sallami koci Dwane Casey, wanda a shekarar aka ba kyautar gwarzon koci, ya kuma ba da DeMar DeRozan, wanda ya yi kaka 9 a garin kuma jama'a na ƙaunarsa, ya karɓo Kawhi, mutumin da wasa 9 kacal ya buga a kakar da ta gabata, kuma saura shekara ɗaya kwantiraginsa ya ƙare. Ɗana, kai yanzu kana matsayin Ujiri na 2013 ne, ba na 2018 ba. Ba a sayen ƙyaure kafin a tayar da bango. Ka ɗauki ukun.

Malamin lissafi (Kongo):
Ina bayan Baba, amma ina so in ƙara dalilin da ya sa ɗan wasa zai haskaka duk kaka sannan ya dushe a wasannin fitar da gwani, domin nan ne ainihin tambayar take. A kaka ta yau da kullum, ƙungiya takan buga da wannan yau, jibi ta tashi zuwa wani gari, babu mai lokacin zama ya nazarci mutum ɗaya. A zagayen fitar da gwani kuwa, ƙungiyoyi biyu ne za su yi ta karawa har ɗaya ta ci wasa 4 cikin 7, kuma masu horarwa suna da kwana ɗaya ko biyu tsakanin wasa da wasa su zauna da bidiyo su tsince duk wani rauni. Wanda ba ya iya jifa daga nesa, za a ja da baya a bar shi shi kaɗai, mai tsaronsa ya tafi ya taya wani. Wanda ƙafarsa ba ta da sauri, za a yi ta kiran wanda yake tsaro ya zo ya yi shinge, har sai an tilasta masa fuskantar gwanin abokan hamayya, a kuma maimaita masa haka sau goma a jere ba kunya. Wanda ba ya cin jifan kyauta, wato jifan da ake ba wanda aka yi wa ƙeta ya yi daga layi ba mai tare shi, da gangan za a riƙa yi masa ƙeta.

Ben Simmons misali ne da bai kamata ya wuce ka ba. Philadelphia ce ta zo ta ɗaya a ɓangaren gabas a 2021, shi kuma yana cikin fitattun masu tsaro a gasar, amma a wasannin fitar da gwani na shekarar kusan kashi 34 cikin 100 kawai ya ci na jifan kyauta, har ta kai a wasa na 7 da Atlanta yana ƙarƙashin kwando babu kowa a gabansa, ya miƙa wa wani ƙwallo, ana ganin saboda tsoron a yi masa ƙeta a tura shi layi. Saboda haka idan ka zauna da jerin sunayenka, kada ka fara da tambayar wa ya fi kowa iyawa. Ka tambayi kanka, cikin biyar ɗin da za su ƙarasa wasa, wane ne abokan karawa za su fara farauta. Kuɗinka ya tafi wajen toshe wannan kafar.

Ga masu ganin tara manyan sunaye shi ne magani, su duba Brooklyn, inda Kevin Durant da Kyrie Irving da James Harden suka haɗu amma wasa 16 kacal suka buga tare kafin tafiyar ta watse, su kuma duba Phoenix ta 2024, mai Durant da Devin Booker da Bradley Beal, wadda albashin mutum uku ya cinye mata kuɗin benci, Minnesota ta share ta 4 da nema a zagayen farko.

Ɗalibi (Gyallesu):
Baba da Malam, a gafarce ni, ni yaro ne a cikinku, amma ina ganin ana ba kofin Toronto nauyin da ya wuce nasa. Durant, wanda a lokacin yake Golden State da Toronto ta kara da ita, bai buga wasa 4 na farko na karawar ƙarshe ba, da ya dawo a wasa na 5 jijiyar dunduniyarsa ta tsinke tun kafin a je hutun rabin lokaci. Klay Thompson, shi ma na Golden State, bai buga wasa na 3 ba, a wasa na 6 kuma yana da maki 30 gwiwarsa ta samu matsala a zango na uku. Da Golden State na da lafiya, ban ga yadda za a yi Toronto ta ɗaga kofin nan ba. Kuma da waccan ƙwallo ta Kawhi ta yi tsalle ta faɗo waje, aka je ƙarin lokaci Philadelphia ta ci, da yanzu ana cewa Ujiri ya zubar da DeRozan a banza, tunda Kawhi bai ƙara ko kaka ɗaya ba ya tattara ya koma Los Angeles Clippers a Yulin 2019.

Ma'aikacin lafiya (Shika):
Ƙanena na Gyallesu, maganarka tana da ƙamshin gaskiya, amma rauni ba baƙon abu ba ne da ke faɗowa daga sama a wannan wasa, yana cikin lissafin da mai haɗa ƙungiya ya kamata ya yi tun farko. Golden State ta je wasan ƙarshe shekara 5 a jere daga 2015 zuwa 2019, wato kowace shekara tana ƙara kusan wata biyu na wasa mai zafi a kan na sauran, jiki kuwa ba ƙarfe ba ne. Ita kuma Toronto da gangan ta riƙa hutar da Kawhi, wasa 60 ya buga cikin 82, ana ta sukar su a lokacin, sannan ya zo ya buga wasa 24 na fitar da gwani yana cin sama da maki 30 a matsakaici. Su ma ai sun rasa Anunoby gaba ɗaya a wannan zagaye saboda tiyatar da aka yi masa a ciki, amma saboda benci na da zurfi ba a ji ɗuriyar rashinsa sosai ba. Ko a 2025 mun ga yadda Tyrese Haliburton na Indiana ya faɗi a zangon farko na wasa na 7 tsakanin Indiana da Oklahoma City, daga nan labari ya sauya.

Shawarata ga mai tambaya ta ɓangaren aikina ce. Idan ka zuba kuɗinka a kan mutum ɗaya, to ka ɗora kakarku gaba ɗaya a kan idon sawunsa, mu kuwa yawancin filayen da yaranmu ke atisaye siminti ne, ga takalma da tafinsu ya suɗe. Duk wanda za ka ba kwantiragi, a fara duba gwiwarsa da idon sawunsa da bayansa, a kuma tambaye shi tsofaffin raunuka a gaban wanda ya san aikin, domin ɗan wasa mai neman abinci ba zai faɗa maka da bakinsa cewa gwiwarsa na kumbura bayan kowane wasa ba. Ka sa shi ya buga kwana biyu a jere, ka dubi tafiyarsa da safiyar kwana na uku.

Malama, mai horar da 'yan mata (Wusasa):
Yayyena, duk kun tafi Amurka kun bar mai tambaya a Tudun Wada. Tsarin wasa 7 da Malam ya bayyana na NBA ne. A nan gida yawanci akan tara ƙungiyoyi a gari ɗaya na 'yan kwanaki, a yi ta buga wasa kusan kullum, kuma idan aka zo matakin sili ɗaya ƙwale, dare ɗaya ne zai raba gardama. Dokokinmu ma na FIBA ne, hukumar ƙwallon kwando ta duniya: minti 40 maimakon 48, kuma laifi 5 ke fitar da ɗan wasa maimakon 6. Ma'anar wannan ita ce idan gwanin Alhaji ya yi laifi 2 a zangon farko, dole koci ya zaunar da shi, kuma babu wasa na biyu da za a gyara kuskure a cikinsa.

Don haka ni ƙungiyar da nake ba ka shawarar ka nazarta ita ce D'Tigress, ƙungiyar matan Najeriya. Sun ci kofin Afirka sau 5 a jere, 2017 da 2019 da 2021 da 2023 da 2025, da 'yan wasa da masu horarwa mabambanta. A gasar Olamfik ta Paris a 2024, ƙarƙashin Rena Wakama, sun doke Ostareliya 75 da 62, suka doke Kanada 79 da 70, suka zama ƙungiyar ƙwallon kwando ta farko daga Afirka, ta maza ko ta mata, da ta kai zagayen 'yan takwas. Ka kalli wasan Ostareliya ka ga yadda suke matsa wa mai riƙe da ƙwallo tun daga can gidansa, ana sauya 'yan wasa akai-akai don kada ƙarfin ya ragu. Irin wannan tsaro ba ya buƙatar tsada, yana buƙatar ƙafafu da yawa da kuma horo.

Ka kwatanta da D'Tigers, ƙungiyar mazan Najeriya. A Yulin 2021 sun doke Amurka 90 da 87 a wasan share fage a Las Vegas, suka jefa ƙwallo 20 masu maki uku, Gabe Vincent ya ci maki 21, ƙasa ta ɗauki murna. Da aka je gasar Olamfik ta Tokyo, wasa 3 suka buga, duka aka ci su. Jifa daga nesa yakan zo yau ya ƙi zuwa gobe, tsaro kuwa duk garin da ka je yana tare da kai.

Alhaji mai shago (Sabon Gari):
Malama, na ji, kuma maganar laifi 5 ta shige ni. Amma har yanzu ban ga wanda ya amsa mini tambayar minti 2 na ƙarshe ba. Ku lissafa waɗanda suka ci kofin NBA, ban da Detroit ta 2004, wace ƙungiya ce ta ci ba tare da gwani na gaske ba? Milwaukee tana baya 2 da nema a hannun Phoenix a 2021, Giannis Antetokounmpo, ɗan iyayen Najeriya da aka haifa a Girka, wanda gwiwarsa ta lanƙwashe 'yan kwanaki kafin nan, shi ya ɗauko su. A wasa na 6 ya ci maki 50, kuma mutumin da 'yan kallo ke ƙirga masa daƙiƙu suna yi masa dariya a layin jifan kyauta ya ci 17 cikin 19. Hakeem Olajuwon ɗan Legas fa? A 1995 Houston ta shiga zagayen a matsayi na 6, ya bi ta kan Utah da Phoenix, ya wanke David Robinson na San Antonio a shekarar da aka ba Robinson kyautar gwarzon kaka, sannan ya share Orlando ta Shaquille O'Neal 4 da nema. Madaidaita nawa za ka tara su yi maka wannan?

Malamin lissafi (Kongo):
Alhaji, ranka ya daɗe, babu mai musun cewa ana buƙatar gwani, gardamarmu a kan yadda ake samunsa ne da kuma lokacin. Dubi sunayen da ka kawo da kanka. Milwaukee ba sayen Giannis ta yi ba, ta zaɓe shi a lamba ta 15 a 2013 yana siririn yaro, ta yi haƙuri da shi shekara 8. Ya ci kyautar gwarzon kaka a 2019 da 2020, amma duka shekarun biyu aka kore su, domin Toronto ta nuna wa duniya dabarar jera masa mutane kamar katanga tun daga wasa na 3, lokacin da aka ɗora masa Kawhi, Miami kuma ta maimaita. Abin da ya sauya a 2021 shi ne zuwan Jrue Holiday, wanda ya fizge ƙwallo daga hannun Booker a ƙarshen wasa na 5 ya ɗaga wa Giannis ita. Denver ma a lamba ta 41 ta samu Nikola Jokic a 2014, ba ta ci kofi ba sai 2023, bayan ta kewaye shi da irin su Aaron Gordon. Oklahoma City ta karɓi Shai Gilgeous-Alexander yana matashi a musayar Paul George ta 2019, ta jira shekara 6 kafin ta ci kofi.

Wasan Orlando da ka ambata ma akwai abin lura a ciki. A wasa na farko Nick Anderson na Orlando ya zubar da jifan kyauta 4 a jere ana dab da tashi, alhali ko ɗaya ya ci da wasan ya ƙare, sai Kenny Smith na Houston ya farke da jifa mai maki uku aka je ƙarin lokaci. Olajuwon ne ya tura ƙwallon ƙarshe cikin kwando, amma wani ne ya kai shi wurin.

A nan ne nake ganin muna yi wa 'yan wasa rashin adalci wajen hukunci. VanVleet ya yi ta zubar da jifa a karawar Philadelphia har ana cewa a cire shi, sai ga shi a wasa na 5 da Milwaukee ya ci 7 cikin 9 masu maki uku. Wasa biyu ko uku ba su isa a ce wane matsoraci ne ba. Abin dubawa shi ne ko yana samun jifa mai kyau, ko yana komawa tsaro da gudu bayan ya zubar, ko yana ɓuya daga ƙwallo. Wanda ya zubar yana nema ka riƙe shi, wanda ya daina nema shi ne abin tsoro.

Dattijo, tsohon ɗan wasa (Samaru):
Akwai abin da babu wanda ya taɓo, kuma shi ne ya fi kashe ƙungiyoyi a ƙasar nan. A zamaninmu na buga wa wata ƙungiya da aka kawo mana baƙo da albashin da ya ninka na mutum huɗu, mu kuma aka riƙe mana haƙƙinmu wata da watanni. Babu wanda ya yi magana a fili, amma a cikin wasa sai ka ga an ƙi ba shi ƙwallo inda yake so, idan an wuce shi babu mai kawo masa ɗauki. Ɗana, kafin ka kira kowa daga Legas, ka zauna da mai ɗaukar nauyinku ka tabbatar kuɗin albashi da abinci da mota da masauki na kaka guda suna ajiye, a rubuce. Rivers Hoopers ta Fatakwal da ta zo ta uku a gasar BAL ta ƙungiyoyin Afirka ta 2024 ba a dare ɗaya aka tara ta ba, an daɗe ana riƙe da ginshiƙanta, sannan ake ƙara baƙi a inda ake da giɓi.

Mataimakin koci (Tudun Wada):
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Bari in faɗi abin da ke hannuna don shawarar ta sauka a kan gaskiya. Cikin yara 8 ɗin, ina da masu gudu da tsalle har 5 waɗanda tsayinsu kusan ɗaya ne, akwai ɗaya mai shekara 19 da nake ganin idan aka yi haƙuri da shi zai zama abin da Alhaji yake nema, domin ba ya tsoron karɓar ƙwallo a ƙarshen wasa ko da ya zubar sau uku kafin nan. Dogonmu ɗaya ne tak, kuma yana yawan yin laifi. Mai rarraba ƙwallonmu yana da gudu amma idan aka matsa masa tun daga gida sai ya ruɗe, kamar yadda Malama ta kwatanta. Masu jifa daga nesa da zan iya dogara da su ba su wuce ɗaya ba.

Malama, mai horar da 'yan mata (Wusasa):
To ai ka amsa wa kanka, ƙanena. Na farko da za ka nema shi ne mai rarraba ƙwallo da ya kwana biyu a harkar, ko da ƙafarsa ta fara nauyi, wanda ya san lokacin da za a rage gudu da lokacin da za a kira tsari, kuma yana cin jifan kyauta, domin shi za a riƙa yi wa ƙeta idan kuna gaba a ƙarshen wasa. Idan za ka fifita wani a albashi, shi ne. Na biyu dogo na biyu, ba sai mai cin maki ba, wanda zai cafke ƙwallon da ta ƙi shiga kuma ya yi magana a tsaro, ta yadda laifi 10 za ku raba tsakanin mutum biyu maimakon 5 a kan mutum ɗaya. Na uku mai jifa daga kusurwa wanda ba za a farauce shi a tsaro ba. Gurbi na huɗu ka bar shi a buɗe har tsakiyar kaka, lokacin za ka ga giɓin da ba ka hango ba yanzu. Yaron nan mai shekara 19 kuwa, ka ba shi kwantiragin shekara biyu ko uku tun yanzu, kafin manyan ƙungiyoyin Kano da Fatakwal su gan shi.

Alhaji mai shago (Sabon Gari):
Tunda akwai yaron a hannu, na sassauta, amma da sharaɗi: a riƙa ba shi ƙwallon ƙarshe tun a wasannin rukuni, ya zubar ya saba, kada a jira ranar fitar da gwani a ce ya zama Kawhi. Kuma idan kaka biyu suka wuce kuna tsayawa a wuri ɗaya, zan dawo zauren nan in tuna muku maganata.

Malamin lissafi (Kongo):
Game da wasannin da ka nema, ka fara da karawar Toronto da Milwaukee ta 2019, ka kalli wasa na 2 sannan na 3 a jere don ka ga abin da kocin Toronto Nick Nurse ya sauya. Ka bi da wasa na 2 na karawar ƙarshe ta shekarar, zango na huɗu, inda ya sa mutum ɗaya ya manne wa Stephen Curry na Golden State sauran huɗu suka tsare yanki, dabarar da aka fi gani a wasan makarantu kuma za ta yi maka amfani a nan gida. Sai Detroit da Lakers ta 2004 saboda aikin Ben Wallace na Detroit, wanda shi ma ba a zaɓe shi ba a shekararsa. Kada ka kalli taƙaitaccen bidiyon da ake yankowa, ka nemi cikakken wasa, ka rage sautin masu sharhi, ka bi mutum ɗaya da ido ko da ƙwallo ba ta hannunsa.

Dattijo, tsohon ɗan wasa (Samaru):
Idan ka tara waɗanda kake so ka gwada, ka sanar da ni ranar, zan zo in zauna a gefe. Ka sa gwajin bayan La'asar, a buga cikakken minti 40 da alƙalin wasa na gaske, sannan a ƙarshe, suna haki, kowa ya tsaya a layi ya yi jifan kyauta 10 a rubuta. Mutumin Shika ma ya zo da kayan aikinsa.